Aikin sauya gwiwa da mutum-mutumi: ƙarin kuɗin ya cancanta kuwa?

Duk ɗan ci-rani da ya taɓa neman asibitin da zai kai mahaifiyarsa aikin gwiwa a Tunusiya, Turkiyya ko Indiya ya san yadda abin yake. Da zarar ya tura hotunan ƙashi ta WhatsApp, sai a aiko masa da farashi biyu: na aikin hannu, da na mutum-mutumi, wanda ya fi tsada. Wa zai so a ce ya zaɓa wa tsohuwarsa mai arha?

Da farko dai, mutum-mutumin ba shi ke yin tiyatar ba. Idan amosanin gaɓɓai ya cinye guringuntsin gwiwa har ƙashi na gugar ƙashi, likita ne ke yanke bakin ƙasusuwan ya ɗora ƙarfe da roba mai tauri. A na'urar Mako, ana fara ɗaukar hoton sikana, kwamfuta ta tsara inda za a yanka, likita ya riƙe zarton, na'urar kuma ta hana shi wuce iyaka. Kamfanin Stryker na Amurka ya sayi Mako a 2013 kan dala miliyar 1 da miliyan 650. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi dole ya tallata hajarsa, haka ma asibitin da ya sayi na'urar.

Babu gardama cewa yankan na'urar ya fi daidaito, wasu binciken ma sun nuna sauƙin zafi a kwanakin farko. Sai dai tsohuwa ba hoton ƙashi ta je nema ba, so take ta taka zuwa kasuwa. Wani bincike da likitocin Koriya ta Kudu suka wallafa a 2020, bayan sun bi majinyata fiye da shekara 10, bai ga bambanci ba tsakanin hanyoyin biyu wajen tafiya ko daɗewar ƙarfen. Gaskiya tsohuwar na'ura aka yi amfani da ita a binciken, sababbin kuwa ba su daɗe ba balle a yanke musu hukunci. Aikin hannu shi yana da tarihi: mujallar Lancet ta ruwaito a 2019 cewa kusan kashi 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka sauya suna kai shekara 25.

Abin da tallan ba ya faɗa shi ne rayuwa bayan an sauko daga jirgi a Yamai. Sabuwar gwiwa tana buƙatar makonni na motsa jiki a hannun ma'aikacin kine, in ba haka ba ta sandare, ko da wace na'ura aka yi ta. Wanda zai koma wani ƙauye a jihar Tahoua ko Damagaram, wa zai bi shi da wannan? Idan ciwon ya kama ruwa bayan wata biyu, wane likita zai karɓe shi? Ga kuma zaman tabarma, ban ɗakin tsuguno, da sujada. Da yawa daga waɗanda aka yi wa aikin suna shan wahalar durƙuso, wasu sai dai su yi salla a kan kujera, kuma mutum-mutumi bai kawar da wannan ba. Ya kamata a gaya wa dattijo haka tun kafin ya sa hannu.

A ganina, iyalin da kuɗinsu ke da iyaka gara su tambayi likitan gwiwa nawa yake sauyawa a shekara, da wanda zai duba majinyacin idan ya dawo gida. Ƙarin da za a biya wa na'urar, a ajiye shi don kine, da sandar dogarawa, da gyaran ban ɗaki ya zama na zama.