Mailoma Ya Iso Dajinmu, Marubutanmu Suna Dubai

A shekarar 1982 aka buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, mutumin Katsina, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar Hukumar Al'adu ta Tarayya, tare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Wanda ya karanta shi ba ya manta Mailoma, sojan da ya dawo daga yaƙin basasa, ya tara tsofaffin sojoji irinsa, ya haɗa bindiga da miyagun ƙwayoyi ya kafa daularsa ta ta'addanci. Har gobe akwai masu ɗaga hanci su ce ai wannan kwaikwayon James Hadley Chase ne kawai, labarin harbe-harbe na ɗebe wa samari kewa.

Mu da muke tsakanin Anka da Bukkuyum da Gummi ba mu yarda ba. Mailoma yanzu maƙwabcinmu ne. Shi ke yanka mana harajin noma, shi ke cewa a yi girbi ko a bari.

Kada kuma a ce Gagare duba ya yi. Ido ya buɗe. Ya ga an gama yaƙi a 1970, ga matasa sun iya bindiga ba su iya wata sana'a ba, ga hukuma ta yi nisa da ƙauye, sai ya tambayi kansa: wa zai ci riba da wannan? Tambayar ke nan da marubucin labarin laifi yake yi, wadda ɗan jarida bai cika samun sukunin yi ba, domin shi gawa yake ƙirgawa ya wuce gari na gaba.

To, ga abin da ke gabanmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum: Dareta, Abare, Yargalma, Bagega, da Tungar Daji tamu. Ana kawo duwatsun zinariya cikin gida a niƙa, ƙura ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, yaro ya kama jijjiga ya tafi. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara gano cewa abin ba zazzaɓi ba ne. Bagega kuwa sai a 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Zinariyar nan ba a Tungar Daji aka sa ta a wuya ba. Wani ya saye ta a bakin rami, wani ya ɗauke ta zuwa Gusau ko Kano, wani ya fitar da ita daga ƙasar. Wannan silsila kaɗai littafi ce mai shafi ɗari uku. Ina littafin?

A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya, aka rufe kasuwanni, aka hana sayar da fetur a jarka. Amma baburan daji ba su daina gudu ba, wato akwai mai kai musu man. A Janairun 2022 aka yi kisan gilla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Hukuma ta ce mutum 58, waɗanda suka yi jana'iza suka ce kusan 200. A tsakanin lambobin nan biyu ne ya kamata jarumin labari ya fara bincikensa.

Maimakon haka, buɗe labaran da ake turo mana ta WhatsApp da Wattpad. Jami'in sirri ne kyakkyawa, ɗan hamshaƙin attajiri, yana bin ɓarayin lu'ulu'u daga Dubai zuwa Istanbul, kafin babi na biyar ya faɗa soyayya da 'yar shugaban 'yan ta'addan. Ba mu ƙi nishaɗi ba, mu ma mun kwana karatun Nazir Adam Salih da Bala Anas Babinlata da fitilar ƙwai, ba mu kuma yi nadama ba. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne a tsallake mai kai wa 'yan bindiga burodi da katin waya, da mai shiga tsakani a karɓi kuɗin fansa yana cire nasa kason, a tafi neman mugu a ƙasar da marubucin bai taɓa taka ba.

Za a ce tsoro. Gaskiya ne, kuma mun fi kowa sanin abin da ke samun wanda aka ce ya yi magana. Amma ai don irin wannan aka yi ƙagaggen labari. Ba wanda ya ce a kira sunan wani basarake ko wani ɗan kasuwa. A sauya sunan gari, a sauya sunan mutum, a bar hanyar da kuɗin ke bi yadda take. Gagare ya yi nasa ne alhali sojojin da suka yi yaƙin suna raye, wasunsu ma sun riƙe mulki.

Malaman jami'o'in Sakkwato da Gusau da masu shirya gasar rubutu su ma suna da nasu laifin, tunda sun saba wa matasa cewa labarin bincike ba adabin kirki ba ne. Ga wanda ya shirya rubutawa, Anka na nan, kuma zawarawan da suka yi gudun hijira zuwa can sun san sunan wanda ya nuna gidansu.