Wai Ba A Cin Zaɓe Da Takarda? To Ni Da Ita Na Fito



Daren Talata, a gidan wani jigo na jam'iyyarmu, wani dattijo da nake ganin girmansa ya dube ni a gaban taro ya ce, "Yaro, ba a cin zaɓe da takarda. Ajiye wannan fayil ɗin naka, ka nemo taliya da atamfa." Aka kwashe da dariya. Na ce, "Baba, na ji," na ja bakina na yi shiru, don ba tarbiyyar gidanmu ba ce mutum ya mayar wa sa'an mahaifinsa magana a cikin mutane. Amma tunda gari na wayewa sojojin bakan ɗaya ɓangaren suka ɗauki zancen suka bazama da shi Facebook, har da laƙaba mini "ciyaman ɗin fotokwafi", to bari in amsa a inda kowa zai gani.

E, ina neman kujerar shugaban ƙaramar hukumarmu. Kuma e, da takarda na fito. Bari in buɗe muku fayil ɗin da ake wa dariya.

Duk wata ana zama a Abuja a raba kuɗin asusun tarayya. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin 100, ban da kashi 35 na harajin VAT. Abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma ba sirri ba ne. Tun 2004, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi, aka fara buga shi a jaridu, yau kuma duk mai waya da data zai iya dubo shi a intanet. Ni ma can na samo namu, wata-wata, na buga a takarda. Wato abin da aka turo da sunanmu mun san shi har kwabo. To ina takardar abin da aka kashe? Ita ce babu. Bara na rubuta wa sakatariyarmu ina neman kofin kasafin kuɗi, bisa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda ta ce a ba da amsa cikin kwana 7. Na yi sawu huɗu. Zuwa na ƙarshe wani ma'aikaci ya ja ni gefe, cikin tausayi wallahi, ya ce, "Malam, ka daina wahalar da kanka, ni da nake ciki ban taɓa ganinsa ba."

Da can in ka tambaya, amsar ciyaman guda ce: kuɗin ba sa zuwa hannunsa, suna maƙale a asusun haɗaka na jiha. Kuma da gaskiyarsa, sashe na 162 na kundin tsarin mulki ne ya kafa wannan asusu. Sai ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni rushe zaɓaɓɓu su naɗa kantomomi. Mun yi murna, har da ni, duk da aiwatarwar tana ta jan ƙafa. Amma ga abin da 'yan uwana na siyasa ba sa son ji. In kuɗi suka sauko daga babban birnin jiha zuwa sakatariya, kuma har yanzu ba mai ganin lissafi, to ɓarawon ne kawai ya matso kusa da gida. Da ana ci a nesa, yanzu za a ci a gabanka, kuma mai cin ɗan unguwarku ne, kuna haɗuwa a ɗaurin aure.

Za su ce yawancin kuɗin albashi ne ke cinyewa, na malaman firamare da ma'aikatan lafiya, ga fansho, ga kason masarauta. Na yarda. To a rubuta mana! Malamai nawa ne, albashinsu nawa, saura nawa? In ba abin da ya rage, mu gani da idonmu mu yi wa ciyaman uzuri, mu ma daina zaginsa. Mai gaskiya ai takarda kariya ce a gare shi. Haka kuɗin da ake karɓa a kasuwa da tasha, wanda kullum za ka ga ana yagar rasit ana miƙa wa 'yan tireda da masu Adaidaita. Wa ya taɓa faɗa muku jimillarsa a shekara?

Masu cewa talaka ba ruwansa da kasafi, ku zo mu yi lissafin ruwan sha. A layinmu rabon famfo da kawo ruwa har yaran da aka haifa a lokacin sun shiga firamare. 'Yan garuwa ne rayuwarmu. Su kuma a rijiyar burtsatse ta 'yan kasuwa suke saye, mai rijiyar da janareta yake jawo ruwan. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sai mai rijiya ya ƙara wa ɗan garuwa, ɗan garuwa ya ƙara wa matar gida. Ita kuma wa za ta ƙara wa? Gidan da ke shan jarka 10 a rana, in jarka naira 100 ce, naira 30,000 ke nan a wata. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne. Kusan rabi ya tafi a ruwa, ba a sayi ko kwanon masara ba. To Baba, wannan taliyar da za a raba ranar zaɓe, da wane ruwan za a dafa ta?

Abin takaicin, rijiyoyin gwamnati suna nan. Ku zaga mazaɓunmu ku ga tankunan da aka rubuta wa sunan wane da wane da manyan baƙaƙe, an yanka ƙyalle an ɗauki hoto, bayan wata shida famfo ya ƙone, shi ke nan. Ba mai gyarawa, don gyara ba ya kawo kwangila mai tsoka, kuma ba a kiran 'yan jarida ranar da aka canja famfo. Ni ba zan haƙa sabuwa ko ɗaya ba sai na tayar da waɗanda suka mutu, na mayar da su kan sola, na sa kuɗin gyaransu a kasafi da sunan kowace rijiya, yadda in ta tsaya mai unguwa zai san wanda zai riƙe.

Batun wuta kuwa, ba zan yi muku ƙarya ba. Na ji wani ɗan takara yana rantsuwa zai rage kuɗin lantarki. Haba Malam! Ciyaman ba shi da wannan hurumin. Hukumar NERC ce ta kai rukunin A naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, ko gwamna ba ta tambaya ba balle kansila. Amma akwai abin da ke hannunmu. Sau biyu a unguwarmu tiransifoma tana ƙonewa muna karo-karo, gida-gida, har da zawarawa da marayu, alhali ƙa'idar hukumar ta ce gyara da canjin tiransifoma aikin kamfanin raba wuta ne. Bayan mun biya da guminmu kuma sai ga bil na kintace, na watan da muka kwana a duhu. Mutum ɗaya in ya kai ƙorafi, sai a ce ya dawo gobe. Amma ƙaramar hukuma in ta tattara koken unguwa talatin a rubuce, ta sa lauyanta a gaba, dole a saurara. Wannan zan iya, kuma iyakar alkawarina ke nan a kan wuta.

Kwalbati da magudanan ruwa da kwashe shara da fitilun titi ba sai na ja zance ba. Jadawali na 4 na kundin tsarin mulki ya lissafa su cikin aikin ƙaramar hukuma. Duk wanda ya ɗauki yaro a kafaɗa ya tsallake lambatu a watan Agusta ya san ko ana yi ko ba a yi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ana ta kiran mu zo a yi masalaha, wai don haɗin kan jam'iyya. Mun san wannan masalahar: mutum biyar a falo, a fito da suna, a ce mu tafa. Shi kuma wanda aka ɗauko aka ɗora, wa zai yi wa lissafi? Waɗanda suka ɗora shi mana. Shi ya sa fayil ɗina yake ba su haushi, ba wai don na rasa taliya ba. An aiko mini har gida cewa in na janye akwai kujerar mai ba da shawara. Na gode, ba na so. Mu a wannan ɓangare 'yar tinƙe muke nema, ƙato bayan ƙato, a ƙirga a gaban kowa. In na faɗi, wallahi zan bi wanda ya ci in yi masa yawon kamfe.

Kuma kada mutanenmu su ɗauka wannan magana ta tsallake su. In Allah Ya ba ni, kwangilar da aka ba ɗan ɓangarenmu ita ma za ta hau bango da sunansa da kuɗinta da ranar gamawa. Wanda ya biyo ni don a rufa masa asiri, gara tun yanzu ya sake layi.

Ga abin da na sa wa hannu, kuma na bar kofi a ofishin jam'iyya na kowace mazaɓa: kafin 15 ga kowane wata, abin da ya shigo da abin da ya fita za a liƙa shi da Hausa a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa, a kuma karanta a gaban masu unguwanni saboda waɗanda ba sa karatun boko. Na bar fili a ƙasan takardar ga sauran 'yan takara uku. Yau kwana tara, ba wanda ya zo. Ranar Asabar bayan la'asar zan kasance a filin makarantar firamare ta tsakiyar gari da ita da biro. Baba, har da ɗan takararka nake gayyata, kuma kujerar gaba na tanadar maka.