Kilomita Biyar: A fara kai yarinya asibiti kafin dattawa su zauna sulhu

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Douala zuwa Bangui, ko a Garoua-Boulai yake tsayawa ko yana ƙetarawa Beloko, ya san cewa ƙarshen tafiyar kayansa ita ce kasuwar Kilomita Biyar, wadda ake kira PK5. A nan manyan motoci ke sauke shinkafa da sukari da atamfa da kayan gyaran babur, a nan kuma Hausawa da Fulani da Larabawan Chadi suka yi kaka-gida shekaru aru-aru. To, yau ba zancen farashi ko kuɗin kwastan za mu yi ba. Magana ce da ta shafi abin da ke faruwa a bayan shagunanmu da cikin gidajenmu, wadda muka daɗe muna kauda kai daga gare ta.

Kwanakin baya, bayan mun kammala wani shiri a gidan rediyonmu a kan lafiyar mata, wata baiwar Allah ta same mu a bakin ƙofa. Ta ce wani yaron shago a layinsu ya yi wa ’yar ƙanwarta mai shekara 13 fyaɗe. Dattawan layin sun zauna da iyaye da ubangidan yaron, an yi ta kai-komo har kwana tara, daga ƙarshe aka yanke kuɗin da za a biya, aka ce magana ta mutu. Tambayar da ta kawo mana guda ce: “Malam, yanzu in na kai ta asibiti, akwai sauran amfani?” Muka ce mata, “Hajiya, akwai, ki kai ta yau.” Amma a zuciyarmu mun san cewa wani abu ya riga ya wuce a cikin kwanaki taran nan, wanda kuɗin sulhu ba zai dawo da shi ba.

Ga abin da ya wuce. Akwai maganin da ake ba wanda aka yi wa fyaɗe domin hana shi kamuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau, ana shan sa tsawon kwana 28, amma sai an fara shi cikin awa 72, wato kwana uku, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa shi ma ba ya wuce kwana biyar. A wannan zuwan ne ake duba raunuka, a ba da maganin cututtukan sanyi, a yi allurar rigakafin ciwon hanta, likita kuma ya rubuta takardar shaida da za ta yi amfani in an je gaban shari’a. A Bangui ƙungiyar likitoci ta MSF tana da cibiya mai suna Tongolo, wato tauraro da harshen Sango, inda ake yin wannan duka kyauta kuma cikin sirri. Akwai kuma shirin Nengo da aka fara a 2020 a Asibitin Amitié, tare da Gidauniyar Dakta Denis Mukwege da ƙungiyar mata lauyoyi ta ƙasar. Dattawan da suka yi zaman nan ba mugaye ba ne, rufin asiri suka nufa. Abin da ya faru shi ne babu wanda ya taɓa gaya musu zancen kwana ukun nan.

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka fyaɗe abin lokacin yaƙi ne, ya tafi tare da yaƙin. Gaskiya ne an ga ta’asa tun daga Maris 2013 da Seleka ta kama Bangui, da kuma bayan harin ’yan Anti-balaka na 5 ga Disamba na wannan shekara, lokacin da unguwarmu ta koma kamar kurkuku. A 2017 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan mata da ’yan mata 296 da mayaƙa suka yi wa fyaɗe ko suka mayar bayi, kuma ɓangarorin biyu duk suna da hannu, don haka kada wani ya nuna wa wani yatsa. Sai dai MSF ta bayyana cewa tsakanin 2018 da 2022 ta yi wa mutane fiye da 19,500 magani a faɗin ƙasar saboda irin wannan cin zarafi, kuma ba masu bindiga kaɗai ke aikatawa ba. Sau da yawa maƙwabci ne, ko ɗan uwa, ko wanda yarinya ke kai wa talla kullum.

Ba doka aka rasa ba. Tun Disamba 2006 Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya take da dokar kare mata daga cin zarafi. A 2015 aka kafa runduna ta musamman mai suna UMIRR, wadda ta haɗa ’yan sanda da jandarmomi domin irin waɗannan laifuka, ta kuma fara aiki a 2017. Hasali ma a Oktoba 2022 Kotun Musamman ta Manyan Laifuka da ke Bangui, a hukuncinta na farko, ta kama wani kwamandan ƙungiyar 3R da laifin fyaɗen da yaransa suka yi.

Ba kuma tarurrukan wayar da kai aka rasa ba, kuma nan ne muke da ƙorafi. Mun halarci da dama. Ana yin su a ɗakin taro na otal, da Faransanci, a raba riguna da kuɗin mota, a ɗauki hoto, a watse. Fuskokin da muka gani bara su muke gani bana, kusan duk mata ne, kuma matan da suka riga suka san abin da ake faɗa. Mai shago ba zai rufe shagonsa ya tafi otal ba. Direba da yaron mota suna hanya. Mai unguwa da limamin layi, waɗanda su ake fara bugun ƙofarsu in abu ya faru, ba kasafai ake gayyatarsu ba. Ke nan an koyar da kowa ban da masu yanke shawara.

Ra’ayinmu shi ne a kawo karatun cikin kasuwa. A zauna da shugabannin ’yan kasuwa layi-layi, a je tashar manyan motoci, a je teburin mai shayi bayan la’asar, a yi bayani da Hausa da Fulatanci da Sango da Larabcin Chadi. A horar da ungozomomi da malaman Islamiyya, domin su ne ke fara lura in yarinya ta sauya. Limamai su ma suna da mumbari duk Juma’a, kuma ba mu san malamin da zai ce addini ya yarda a sayi mutuncin yarinya da ’yan jikkunan sefa ba.

Haka zancen yake a kan dukan mata. Gidajenmu a manne suke, muna jin kuka ta katanga, sai mu ƙara murya rediyo mu ce tsakanin miji da mata sai Allah. Washegari mu yi sallah sahu ɗaya da mijin, a ce wa matar ta yi haƙuri. Haƙuri yana da wurinsa a zaman aure, amma matar da aka karya wa hannu ɗori take bukata da wanda zai tsawata wa mijin. Kalmar abokin ciniki ko ubangidan da ke ba shi kaya bashi ta fi ta kowane jami’in ƙungiya nauyi a kunnensa.

Mun san abin da za a ce mana. Mutanen Kilomita Biyar sun sha wuya a hannun masu kaki, ba kowa ke son taka ofishin jandarma ba. Shari’a tana jan lokaci, kuma iyaye na tsoron kada magana ta fita yarinya ta rasa mijin aure. Duk ba mu musa ba. Amma zuwa asibiti daban, kai ƙara daban. Iyali na iya kai yarinya a yi mata magani a ranar, a ajiye takardar likita, sannan su zauna su yi tunanin mataki na gaba. Mu dai a ganinmu fyaɗe ba bashi ba ne da za a sasanta a zaure, kuma yaron da ubangidansa ya biya masa sau ɗaya ya koyi cewa abin yana da farashi.

Idan mai karatu bai manta ba, a ƙarshen Disamba 2019 ’yan kasuwar unguwar nan suka ce sun gaji da biyan harajin ’yan bindigar da ke kiran kansu masu kare unguwa. An yi artabu, an rasa rayuka fiye da 30, shaguna sun ƙone, amma sun tsaya a kan bakansu. Abin da muke nema yanzu bai kai wannan tsada ba. Kafin 25 ga Nuwamba, ranar da duniya ta keɓe domin yaƙi da cin zarafin mata, muna kira ga shugabannin kasuwa su gayyato ma’aikatan Tongolo ko na Nengo su yi zaman awa ɗaya da kowane layi, a kuma zaɓi mace ɗaya da namiji ɗaya a layin waɗanda suka san inda za a kai mutum ko da tsakar dare ne. Mu a namu ɓangaren za mu ba da fili a rediyo kyauta.