Kafin Mu Hau Dutse a Wannan Hutun



Damina ta ɗauke, hunturu ya kawo jiki, zumuntar matasa a Sabon Tasha, Narayi, Barnawa da Ungwan Romi kuma sun fara shirin fita hawan dutse. Muna goyon bayan wannan ƙwarai. Allah ya albarkace mu da wurare: duwatsun Kagoro, magangarar ruwan Matsirga kusa da Kafanchan, dutsen Kufena a Zariya, ga kuma tafkin Pidong a ƙaramar hukumar Mangu ta Jihar Filato, wanda ya taru a bakin tsohon dutse mai aman wuta. Yesu da kansa yakan hau dutse domin yin addu'a.

Abin da ke damunmu shi ne wata magana da muke ji a wajen shirin. Da wani ya tambaya ko hanya tana da lafiya, sai a ce bangaskiyarsa ce ta raunana, ai Allah zai tsare. Ba mu yarda da wannan ba.

Mu dubi inda muke zaune. Gandun dajin Kamuku a Birnin Gwari ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, amma 'yan bindiga sun yi shekaru suna fakewa a dazuzzukan yankin. A watan Afrilu na 2019 an kai hari Kajuru Castle, wurin shaƙatawar da da yawanmu muka sani, aka kashe mutum biyu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A Matiyu sura 4, Iblis ya kai Yesu ƙololuwar Haikali, ya ce ya diro, har ya jawo Zabura 91 ya kafa hujja. Ubangiji ya ƙi, domin yin haka gwada Allah ne. A Nehemiya sura 4 kuwa, masu ginin garun Urushalima sun yi addu'a, suka kuma sa masu gadi dare da rana. Ba wanda ya taɓa kiran Nehemiya mai ƙaramar bangaskiya.

Saboda haka, kafin a tara kuɗin mota, shugabannin zumunta su tuntuɓi fasto ko dattawan ikkilisiyar da ke kusa da wurin, domin su ne suka san halin da ake ciki a wannan makon. A gaida mai unguwa, a ɗauki ɗan gari ya yi jagora, a biya shi haƙƙinsa. Iyaye su san inda za a je da lokacin dawowa. Kada a sa rana da wuri a Facebook sai an dawo. A tashi da sassafe, kowa da ruwan sha wadatacce da takalmi mai riƙe ƙasa. Kada kowa ya faɗa tafkin da bai san zurfinsa ba.

Mafi wuya duka shi ne lokacin juyawa. A tsai da shi tun daga gida, misali ƙarfe ɗaya na rana, kuma in ya yi a juya, ko da ana hango tafkin. Wadda ta fi kowa gajiya ita ce ma'aunin tafiyar, kada a bar ta a baya domin wasu suna ɗokin ɗaukar hoto a sama. Shugaban da ya fita da mutum ashirin, aikinsa ya dawo wa iyaye da ashirin kafin duhu.

In kuwa mutanen wurin suka ce kada a zo bana, mu ji, mu haƙura. Dutsen yana nan baɗi.

Ya Ubangiji, ka ba mu idon ganin ɗaukakarka cikin halittarka, da hikimar tsare ran da ka ba mu amana. Cikin sunan Yesu, amin.