KADA A SARE ITACE SABODA KABARE

Ya ku manoma da dagatai, ga magana a kan tsuntsun nan kabare, wanda ya kan rataya sheƙarsa bisa tsamiya ko giginya a tsakar gari. Kowa ya san shi. Da damina namijin ya kan yi rawaya, kansa baƙi, idonsa ja. Shi ne ke saƙa sheƙa da tsagin ciyawa da ganyen giginya, ƙofarta tana duban ƙasa, ya kan gama ta kamar cikin yini guda. Macen ta kan yi ƙwai 2 ko 3.

Ba mu ce ba ya ɓarna ba. Sa'ad da gero ya kai tumu, ko shinkafa ta fara ido, ya kan sauka ya ci. Saboda haka waɗansu ke cewa a sare itacen da ya sauka. Mu kuwa mun ce wannan ba dabara ba ce.

Da fari dai, in an sare itace tsuntsu ba ya mutuwa, sai ya koma na gaba. Gari ya rasa inuwa da 'ya'yan itace, hatsi kuwa bai tsira ba. Tsamiyar da ta yi shekara 50 tana girma, gatari zai kā da ita a yini ɗaya.

Na biyu, kabare yana ciyad da 'ya'yansa da tsutsa da fara da shinge, watau abokan gāban shuka. A shekara ta 1958 aka umarci mutanen ƙasar Sin su kashe gwara domin tana cin hatsi. Da ta ragu sai ƙwari suka yi yawa, har a 1960 aka janye umarnin. Mai hankali ya kan koya daga hasarar wani.

Na uku, kada a ɗora wa kabare laifin jan baki. Jan baki ƙarami ne, yana zuwa garke garke har miliyoyi, yana kwana cikin ƙaya da kacalla, kamar a fadamun Haɗeja da Nguru. Shi ba ya hayayyafa a itatuwan tsakar gari. In an ga garkensa, sai dagaci ya aika wa malamin gona da sauri.

To, me za a yi? Mutanen gari su yi shuka lokaci ɗaya, gama gonar da ta nuna ita kaɗai, a kanta tsuntsaye duka ke taruwa. A ja igiya a rataya gwangwanaye da tsumma tun hatsi bai nuna ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. A yi tsaro da sassafe da la'asar, maƙwabta suna karɓa karɓa. Hatsi ya nuna, a girbe shi nan da nan.

Tsaron 'yan makonni ne kawai a shekara. Dagatai su tara mutanensu su shirya shi tun kafin gero ya fid da kai. Wasalam.