Masu Aikin Murya, Ku Haɗa Kai: Kira Ga Jama'ar Masarautar Gumel

Ya ku jama'ar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar:

Akwai wasu ma'aikata da muke jin muryarsu dare da rana, amma ba mu taɓa tambayar nawa ake biyansu ba. Akwai mai fassara fim ɗin Indiya zuwa Hausa, wanda muke turawa a waya mu kalla da iyali. Akwai mai karanta littafin Hausa a YouTube, da mai tallar da ake sakawa a rediyo, da wanda aka naɗi muryarsa tana fita daga lasifikar mai magani ranar Alhamis a kasuwar Maigatari tun hantsi har la'asar. Da yawansu 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, kuma galibi sau ɗaya ake sallamarsu, muryar kuwa ta yi shekaru tana tara wa wani kuɗi.

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ɗaukar murya ya san aikin ba wasa ba ne. Ɗan ƙaramin ɗaki ne da aka liƙe bangonsa da soso, an rufe taga, an kashe fanka don kada ƙararta ta shiga naɗin, ko da kuwa tsakiyar bazara ce. Mutum ɗaya zai yi muryar jarumi, ya juya ya yi ta mugu, ya koma ya yi ta tsoho. Idan wurin faɗa ne sai ya yi ta kurma ihu, a ce bai fita ba, ya sake. Ya fito jiƙe da gumi, maƙogwaro ya dushe, ya kwana yana shan citta da zuma. Idan muryar ta ƙi dawowa, babu mai biya masa kuɗin asibiti. Wani za a kira, domin masu jiran aikin sun fi aikin yawa.

Wannan kuka ba namu ne mu kaɗai ba. Wasannin bidiyon da yaranmu ke bugawa a shaguna da wayoyi, mutane ne suke yi musu murya, kuma su ma sun sha irin wannan wahala. Bambancinsu da namu shi ne suna da ƙungiya. A Amurka, ƙungiyar SAG-AFTRA ta shiga yajin aiki a watan Oktoba na 2016 a kan ƙarin haƙƙi idan wasa ya yi kasuwa, da kuma illar ihu ga maƙogwaro, aka yi kwana 340 kafin a daidaita. A ranar 26 ga Yuli, 2024 suka sake ajiye aiki, suka ja daga da manyan kamfanoni irin su Activision da Electronic Arts. Wannan karon babbar damuwarsu ita ce ƙirƙirarriyar basira, wadda ke iya koyon muryar mutum ta riƙa magana da ita ba da saninsa ba. Sun yi kusan wata 11 suna haƙuri da rashin aiki. A watan Yuli na 2025 fiye da kashi 95 cikin ɗari na waɗanda suka kaɗa ƙuri'a suka amince da sabuwar yarjejeniya: ƙarin albashi na sama da kashi 15 cikin ɗari, da sharaɗin cewa ba za a kwafi muryar mutum ba sai an gaya masa abin da za a yi da ita kuma ya yarda.

Kada wani ya ce wannan maganar Turawa ce. Yau na'ura tana karanta Hausa, kuma da muryoyin Hausawa ake koya mata. Ana neman matasa su karanta jimloli a waya a ba su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su danna alamar yarda a ƙarƙashin dogon Turancin da ba su karanta ba. Ba mu ƙi Hausa ta shiga na'ura ba, alheri ne ga harshenmu. Abin da muka ƙi shi ne a sayi muryar yaro da kuɗin kati, a mallake ta har abada, gobe kuma ita ce za ta ƙwace masa aikin talla.

Mu mutanen kasuwa ne, mun san yadda ake ciniki. A kara ta Maigatari, inda fatake ke zuwa daga Nijar da kudancin ƙasar nan, ba a sayar da sa a ɓoye. Akwai dillali, akwai shaidu, akwai la'ada, kuma kowa ya san ta. Mahauta suna da Sarkin Pawa, direbobi suna da ƙungiyarsu a tasha. Don me mai aikin murya zai zauna shi kaɗai, a yanka masa farashi ya karɓa yana godiya? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dokar ƙasar nan ma tana bayan masu aikin murya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba mai wasa iko a kan naɗar aikinsa da kwafarsa da yaɗa shi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana a sarrafa bayanan mutum ba tare da yardarsa ko wata hujja ta doka ba. Akwai RATTAWU ta ma'aikatan rediyo da talabijin da wasan kwaikwayo, akwai MOPPAN ta masu shirya fim. Amma doka ba ta bin mutum har gida, sai ya tashi ya nemi haƙƙinsa.

Saboda haka, ya ku masu aikin murya na ƙananan hukumomin nan huɗu, ku san juna, ku zauna, ku naɗa shugabanni masu amana. Ku tsayar da mafi ƙarancin farashi na talla da na fassara da na karatun littafi, kada kowa ya karya shi a bayan ɗan'uwansa. Ku ƙayyade awannin aikin ihu, da hutu a tsakani. Ku rubuta yarjejeniya da Hausa: nawa za a biya, yaushe, a ina za a saka muryar, har tsawon wane lokaci, kuma ba za a koya wa na'ura ita ba sai da sabuwar yarda da sabon biya. Wanda ya ce rubutu alamar rashin yarda ne, ku tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Kada kuma ku manta da mata masu wannan aiki daga cikin gida, su ne aka fi raina wa lada.

Masu ɗakunan naɗar murya, wannan kira ba gaba ba ce da ku. Ma'aikacin da ya san haƙƙinsa na nan shi ne yake zuba basirarsa duka. 'Yan kasuwa da 'yan siyasa masu sa a yi muku talla, ku biya a kan lokaci, addini bai yarda a ja wa ɗan ƙwadago rai ba. Malaman Kwalejin Ilimi ta Gumel da lauyoyinmu, ku taimaka wa yaran nan da takardar yarjejeniya mai sauƙin fahimta. Iyayenmu sarakuna da malamai, ku sa baki, domin maganarku tana da nauyi. Mu kuma masu saurare, mu riƙa tambayar sunan mai muryar, mu nemi a rubuta shi a jikin aikin.

Duk wanda yake ci da muryarsa, ko yake da ɗa ko ƙanwa mai wannan sana'a, ya isar da wannan saƙo, kuma kada ya sake shiga ɗakin naɗi sai an yi ciniki an rubuta. Allah Ya sa mu dace.