Ga mai cewa "ai dama can yanayi yana canzawa"

1/ Wani ya sake zo min da maganar nan: "ai dama duniya tana zafi tana sanyi, ku daina tayar mana da hankali." To malam, a bakin wa ka ji? Masu binciken laka ne fa suka gano hakan. Ka ɗauki rabin maganarsu, ka yar da rabi.

2/ Akwai tafkin El'gygytgyn can arewacin Rasha, yankin ƙanƙara. Dutse ne ya faɗo daga sama ya haƙa ramin, shekara miliyan 3.6 da suka wuce. A 2009 aka kafa injin haƙa a kan ƙanƙarar tafkin, aka zaro lakar da ta taru, kaurinta ya haura mita 300.

3/ A can ƙasan lakar aka tarar da garin furen itatuwa. Inda yau ko bishiya babu, a da daji ne. Zafin bazara ya fi na yanzu da kusan digiri 8.

4/ Iskar kabon a lokacin? Kusan 400 ppm. Yau mun wuce 420. Nan ne kake tsallakewa, wallahi.

5/ Kuma daga 280 muka taso, cikin ƙasa da shekara 300, da kwal da fetur. Wannan ma "dama can" ne?